Abin da Muka Ɓoye wa Likita

Ranar da Baba ya cika kwana goma a ɗakin kulawa ta musamman, Yaya ya fito daga ofishin likita da takarda a hannu, ya ce mana jibi za a huda wa Baba maƙogwaro.

A tsaye ya faɗa, yana mayar da murfin bironsa, kamar mai sanar da cewa jibi za a zo gyaran famfo. Umma na zaune a kan bencin ƙarfen da ke bakin ƙofar sashen, bencin da ya gama cinye mana ƙugu tun ranar da muka zo. Sai ta ɗora hannu a kan nata wuyan.

"A huda kamar yaya?" na tambaye shi. "Ba jiya ka ce huhun ya fara washewa ba?"

"Ya fara."

"Zazzaɓin fa?"

"Ya sauka."

"To me kuma za a huda?"

"Ke dai Barkono ba kya bari mutum ya kai aya. Ki saurara mana."

Barkono sunan da Baba ya laƙaba mini ne tun ina ƙarama, kuma ba zan ce ya zalunce ni ba. Na saurara, amma ba don na so ba. Asibitin yana da doka: mutum ɗaya tak likita ke yi wa bayani, wanda sunansa ke cikin fayil. Ranar da muka kawo Baba, ni ina riƙe da kansa a bayan mota, Umma na ta salati, Yaya ne ya tsaya ya cike takardu. Tun daga ranar ya zama shi ne bakinmu, shi ne kunnenmu. Yayana mutumin kirki ne, ma'aikacin ofis mai son abu a rubuce, amma in ka aike shi ya ɗebo maka labari a bokiti, a cokali zai kawo maka.

Abin da na iya tatsa daga bakinsa shi ne wannan. Nimoniyar da ta kama huhun Baba duka biyu ta fara sakinsa. Injin da ke yi masa numfashi ta robar da aka zura a bakinsa an rage masa ƙarfi, Baba na ja da kansa. Saura abu ɗaya. Kullum da safe suna rage maganin barcin su ga ko hankalinsa ya dawo. Yana buɗe ido, amma ba ya amsawa. Sai ya hau fizge-fizge yana neman tumɓuke robar, dole su mayar da shi barci. Sun ɗauki hoton kansa, ba su ga komai ba. Likita ya ce ba zai cire roba daga bakin mutumin da ba ya bin umarni ba, don in majina ta shaƙe shi aka ce ya yi tari bai yi ba, shi ke nan. Robar kuma ba a barinta a baki ta wuce mako biyu. In ba za a cire ta ba, sai a mayar da ita ta wuya.

"Zai iya magana?" Umma ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ba nan kusa ba. Wata ɗaya, wata biyu. Ya ce ba zai iya yanke mini rana ba."

"Kuma ka sa hannu?" na ce.

"To me zan yi? Ni likita ne?"

Sai wanda ya san Baba zai gane abin da ya tayar mini da hankali. Baba murya ne. In yana gaisawa da maƙwabci a ƙofar gida, mai shagon ƙarshen layi yana amsawa. Bai iya raɗa ba, bai iya sirri ba, ko addu'a yake yi sai duk gidan ya san abin da ya roƙa. Shekara arba'in ya yi a gaban injin tsaga katako yana ba da umarni a cikin ƙara, ya dawo gida da muryar bai taɓa sauke ta ba. Shi ne za a kwantar wata biyu da rami a wuya, yana motsa leɓe babu sauti.

Ziyara ƙarfe huɗu ce, mutum biyu a rana, ɗaya bayan ɗaya, minti goma-goma. Sai ka wanke hannu har gwiwa, ka sa riga shuɗiya mai igiya a baya, da hula, da takunkumi. Umma kullum tana shiga, ni da Yaya muna karɓa-karɓa. Kwana goma na rufe shagon ɗinkina don minti goma bayan kowane kwana biyu, kuma duk shigar da na yi Baba barci yake, an ɗaure masa hannu biyu a jikin gado da farin ƙyalle, baki a buɗe, an manne robar da filasta a kumatunsa. Nakan tsaya na yi ta zuba masa surutu, don nas ta ce suna ji ko suna barci. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa nake yi wa maganar ba.

Washegari da ƙarfe takwas na safe na kawo sabulu da tawul da man shafawa da suka ce a kawo. Ba a shiga da safe, a ƙofa ake miƙawa. Ina tsaye ina jiran wanda zai karɓa sai aka turo wata ƙatuwar na'urar ɗaukar hoto, ƙafarta ɗaya ta maƙale a bakin ƙofar, masu turawa suka hau kokawa da ita. Ƙofar ta tsaya a wangale. Gadon Baba shi ne na huɗu, a wani ɗan ɗaki mai ƙofar gilas da ke kallon mashigar, don haka na hango komai.

Mutum huɗu ne a kansa. Likitan nan dogo da ke wuce mu kullum kamar ana korarsa, da wasu ƙanana biyu masu riƙe da takardu, da babbar nas ɗin da kowa ke kira Sista, gajera mai kauri. Dukkansu da takunkumi, ido kawai ake gani. Sista ta zagaya ta wajen kansa, ta riƙe hannunsa, ta sunkuya daidai kunnensa ta ɗaga murya har ina jiyowa daga inda nake.

"Baba! Baba! In kana ji na ka matse hannuna!"

Idon Baba a buɗe yake tar. Ba ya ko kallon inda take, don tana bayan ganinsa. Idon yana yawo ne daga wannan fuska zuwa waccan, kuma ba idanunsu yake duba ba. Ƙasa yake sauka, daidai inda baki ya kamata ya kasance, ya tarar da shuɗin ƙyalle, ya koma kan na gaba, ya tarar da wani ƙyallen. Sau uku ya zagaye su. Daga nan ya fara fizgar hannunsa, na'urori suka hau kuka, likita ya girgiza kai ya yi wa ɗaya daga cikin ƙananan alama. Aka samu na'urar ta wuce, ƙofa ta rufe.

Ledar sabulun ta faɗi daga hannuna. Na san wannan kallon. Da shi na girma.

A gidanmu ba a cewa Baba ba ya ji. Injin ya cinye masa kunne a hankali, kamar yadda gara ke cin ƙyaure, daga waje lafiya lau. Kafin na gama makaranta ya riga ya koma karanta baki, mu kuma muka koma yi masa hidimar da babu wanda ya taɓa kiran sunanta. In za ka yi masa magana, ka ƙwanƙwasa tebur ko hannun kujerarsa sau biyu, ka tsaya a gabansa inda haske ke dukan fuskarka. Ba a yi masa magana ana tauna, ba a yi ana juya baya. In baƙo ya zo, Umma kan zauna kusa da baƙon ta riƙa maimaita duk abin da ya ce, wai don mamaki: "Au, ka ce an ɗaga bikin zuwa wata mai zuwa?" Dangi har suna yi mata tsiya, wai ta cika nanata zance. Waya kuwa Baba ya ce shi ba ya son ta, kayan 'yan gulma ce. Mutane suka ɗauka hali ne. Mun fi shekara ashirin muna wannan wasan, har ya daina zama wasa, ya zama yadda ake magana kawai. Shi ya sa kwana da kwanaki ina jin "ba ya amsawa" daga bakin Yaya, ko sau ɗaya kunne bai faɗo mini a rai ba. Haushin kaina da na ji a bakin ƙofar nan ya fi na kowa.

Na sami Umma da Yaya a ƙasa wajen masu sayar da shayi, Umma na juya kofi ba ta sha. Ban ko zauna ba.

"Yaya, a takardar da ka cike, sun tambayi maganar ji?"

"Wane ji?"

"Kunne. Sun tambaya ko yana ji?"

Ya ajiye kofinsa. "Akwai wani layi haka. Gani da ji da haƙoran roba."

"Me ka rubuta?"

"Lafiya lau mana."

"Lafiya lau! Kwana nawa suna yi masa ihu a kunne da baki a rufe, kai ka rubuta lafiya lau!"

Na kwashe abin da na gani na faɗa musu. Ina tsammanin za su miƙe mu ruga sama tare. Yaya ya cire gilashinsa ya hau gogewa da gefen riga.

"Baba yana ji," ya ce. "Sai dai in bai ga dama ba."

"Yaya, ni kake faɗa wa? A wane gida na tashi?"

"To yana ɗan ji. Kuma ke kin fi likitoci sani ne? Sun ɗauki hoto, sun yi gwaje-gwaje. In kunne ne ai da sun gano."

"Da me za su gano? Kai ka ce musu lafiya lau!"

"So kike na koma na ce wa mutumin nan ƙarya na rubuta masa? Bayan na sa hannu a takardar aiki?"

"Eh, haka nake so."

Ya mayar da gilashin ya sha kunu. Na juya wajen Umma, don na tabbata ita za ta raba mu. Sai na ga tana kallon cikin kofinta.

"Babanku ya sa na yi masa alkawari," ta ce. "Ya ce ko bayan ransa kada na bari a kira shi da sunan nan."

"Umma, wuyansa za a yanka gobe."

"Na ji. Kina ganin ban ji ba? Amma ke ba ki manta abin da ya faru da baffanku ba. Ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, sau ɗaya ya faɗi kalmar nan cikin mutane, da wasa ma. Shekara shida ke nan ko gaisuwa. In ya tashi ya tarar duk asibiti sun sani, da wane ido zan kalle shi?"

"Da idon da za ki kalle shi da rami a wuya."

"Barkono!" Yaya ya daka mini tsawa. "Umma kike faɗa wa haka?"

Na san na wuce gona da iri, amma ban ba da haƙuri ba. Umma ta share ido da bakin mayafi ta ce, "A jira zuwa gobe mana. Wataƙila gobe da safe ya amsa musu da kansa." Raina ya ƙara ɓaci, don na gane ba ƙin gaskiya take yi ba. So take gaskiyar ta fito ba ta bakinta ba.

Na koma sama ni kaɗai na kafa tsaro a bakin ƙofa. Wajen sha biyu likita dogo ya fito da saurinsa, na sha gabansa.

"Likita, don Allah minti ɗaya. Maganar mai gado na huɗu ce."

"Ke ce a fayil?"

"'Yarsa ce ni."

"Ki faɗa wa wanda ke fayil ya same ni ƙarfe biyu, 'yar'uwa. Ana jira na a tiyata."

"Abu ne mai muhimmanci, kunnensa..."

Ya riga ya shige lif, wayarsa a kunne. Na tsaya ina kallon lambobin suna sauka. Ƙarfe biyu ta yi Yaya bai hau ba, wai an kira shi ofis. Na kira wayarsa sau bakwai, ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Ranar ba layina ba ne, na Yaya ne, amma ƙarfe huɗu ta yi bai dawo ba. Umma ta shiga ta fito da jajayen idanu. Ta zo wucewa ta gabana, ba ta kalle ni ba, ta saka mini katin shiga a tafin hannu ta ci gaba da tafiya. Ba ta ce na faɗa ba, ba ta ce kada na faɗa ba.

Na wanke hannu, na ɗaura rigar, na shiga. Ban ko tsaya wajen gadon ba, na wuce teburin da Sista ke rubutu.

"Sista, mahaifina ba ya ji."

"Mun sani, 'yata, shi ya sa za a yi aikin gobe."

"Ba hankali nake nufi ba. Kunne. Kurma ne."

Ban taɓa furta kalmar a kan Baba ba sai ranar. Ta fito mini da ɗaci, har na waiwaya na dubi gadon kamar zai tashi ya mare ni. Sista ta ajiye biro a hankali. Ta jawo fayil, ta buɗe shafin farko, ta ɗora yatsa a kan rubutun Yaya mai kyau kamar na ɗab'i.

"Nan an ce lafiya lau."

"Ba daidai ba ne. Baki yake karantawa. Ya fi shekara ashirin."

"Shekara ashirin." Ta kalle ni ta saman gilashinta. "Kwana biyar ina tsage maƙogwarona a kunnen bawan Allahn nan. Jiya har ruwan zafi da zuma na sha. Kun zo nan kullum, kun zauna mini a benci kamar masu jiran mota, babu wanda ya iya buɗe baki?"

"Ba ya son a sani."

"Ba ya son a sani! To mu nan har abin da ke cikin hanjinsa mun sani, kunne ne abin ɓoyo?" Ta dafe goshi. "Yana karatu? Mu rubuta masa a allo."

"Lambobin awo kawai ya sani."

"Na'urar ji fa?"

"An taɓa saya masa. Ya jefa ta a kwata."

Ta yi wani dogon tsaki, ba ni take yi wa ba, duniya take yi wa. Sannan ta ɗauki waya ta kira likita, ta ce masa ya zo yanzu, ba anjima ba. Ashe akwai wanda ke iya tsayar da shi wuri ɗaya. Ya zo ya saurare ni har ƙarshe, hannu a ƙugu, ya rufe ido na ɗan lokaci kamar mai ƙirga wani abu a zuci.

"Ba na ce shi ne dalilin ba," ya ce. "Mai yiwuwa ruɗewa ce ta ciwo, ana samun haka. Amma za mu gwada. Aikin ƙarfe goma ne. Ki zo bakwai da rabi. Sai dai ba za ki cire takunkumi a cikin ɗakinsa ba, ƙwayar cutar da ke ƙirjinsa ba ta wasa ba ce, kuma shi ma ba na son a ƙara masa wata. Ta bayan gilas za ki tsaya."

Da na faɗa musu a gida, Umma ta tashi ta shige ɗaki. Yaya ya ce, "Kin kyauta. In ya tashi ke za ki yi masa bayani, ba ni ba." Na ce na ji, na ɗauka.

Bakwai da rabi ina tsaye a bayan ƙofar gilas, takunkumi a haɓa, na goge leɓena tas don kada komai ya ɓata masa karatu. Sun rage maganin tun shida. Aka ɗaga kan gadon ya fuskanci ƙofa. Baba ya buɗe ido, ya fara zagayen nan nasa, fuska bayan fuska. Na ɗaga hannu, na yi tsalle, na buga gilas. Ko gezau. Idonsa bai zo nesa ba, yana kan mutanen da ke tsaye a kansa, hannunsa kuma ya fara jan ƙyallen. Lambobin da ke jikin allo suka fara hawa. Na ga likita ya dubi agogon bango.

"Ku matsa daga gabansa!" na ƙwala ta bakin ƙofar. "Duk ku koma gefe! Sista, ƙwanƙwasa ƙarfen gadon sau biyu. Da ƙarfi, ya ji a jikinsa."

Ɗaya daga cikin ƙananan likitocin ya kalle ni kamar na zagi kakarsa, amma suka matsa. Sista ta ɗauki almakashi ta buga ƙarfen, kwas, kwas.

Baba ya tsaya cak. Idonsa ya daina yawo, ya miƙe gaba yana neman wanda ya kira shi. Hasken fitila na dukan gilas ɗin, na durƙusa kaɗan na kauce masa, na matso har numfashina na taɓa gilas. Ya gan ni. Idon ya sauka kan bakina ya zauna.

Ban ɗaga murya ba, ba a yi masa haka, ihu yana karkata baki. Na yi magana yadda nake yi a gida in na kawo masa ruwa.

"Baba, ni ce. Kana asibiti. Ka yi ciwo, ka samu sauƙi. Kada ka ja robar."

Hannun ya saki ƙyallen.

"Matar nan ta riƙe hannunka. Matse nata."

Hannun bai motsa ba. Na sake faɗa a hankali. Sai Sista ta saki ƙara, "Wayyo! Baba, hannu ne ba katako ba!" Ta ɗago yatsunta tana yarfewa tana dariya, idonta ya ciko.

Likita ya matso bakin ƙofa yana jefo mini umarni ina miƙawa. Ya ɗaga yatsa biyu. Ya ɗaga. Ya motsa ƙafar dama. Ya motsa. Ya ɗago kai daga matashi. Ya ɗago har jijiyar wuyansa ta fito. Ya yi tari. Baba ya yi wani tari da ya sa injin ya hau kururuwa, likita kuwa ya ce madalla, karo na farko da na ji kalma mai daɗi daga bakinsa. Na ce wa Baba za a cire robar in ya yi haƙuri ya kwanta shiru na awa biyu. Ya lumshe ido ya buɗe, wato ya ji. Likita ya zaro takardar da Yaya ya sa wa hannu, ya ja mata layi biyu.

Kafin azahar aka cire. Sista ce ta leƙo ta faɗa mana, ta ce ya yi numfashi da kansa, har ya nemi ruwa. Umma ta zame daga benci ta yi sujada a kan tayil. Yaya ya juya baya yana share gilashi, ya daɗe yana sharewa. Ni kuwa na zauna ina jin yunwar kwana goma sha biyu ta taso mini gaba ɗaya.

Ƙarfe huɗu Umma ta fara shiga. Ba ta cika minti gomanta ba ta fito. Ta miƙo mini katin ta ce, "Ke yake nema," ta wuce ta zauna can ƙarshen benci.

Tun kafin na ƙarasa na ga abin. Sun manna wani kati ruwan ɗorawa a jikin ƙofar gilas ɗin, wani kuma a ƙafar gadon: hoton kunne, an ja masa jan layi a tsakiya. Ba ya buƙatar karatu. Gilas ne, ana ganinsa ta ciki kamar yadda ake ganinsa ta waje, kuma daidai inda idon Baba ke sauka yake.

Yana zaune an tokare shi da matasai, siririyar roba a hancinsa, leɓensa duk ya tsage, hannayensa a sake a kan bargo. Ya rame har kunnuwan sun yi masa girma. Ya yafito ni da yatsa. Bakinsa ya motsa ban ji komai ba, sai da na sunkuya na kai kunnena dab da shi.

"Wa ya faɗa musu?"

Muryar kamar ana jan takarda a ƙasa. Na miƙe, na ja baya taku biyu, na dubi Sista. Ta juya ta hau gyaran wata leda da ba ta buƙatar gyara. Na sauke takunkumin.

"Ni ce, Baba."

Ya kalli bakina. Na san ya karanta, kalma uku ce. Ya ɗago ya kalli idona, ya daɗe, babu faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ya yi. Sannan ya rufe ido.

Ba barci ba ne, na ga yadda ya damƙe bargon. Na ce, "Baba, wuyanka za su yanka. Da yanzu ba ka da murya. Baba, ka dube ni na yi maka bayani." Tun jiya nake shirya bayanin, na jera shi tsaf, har da inda zan ba da haƙuri da inda ba zan bayar ba. Na faɗe shi duka, tun daga ƙofar da ta maƙale har zuwa takardar da aka soke, ina sane da cewa ko harafi ɗaya ba ya isa gare shi.

Da na gama, saura minti shida. Na mayar da takunkumin na tsaya a ƙafar gadon, ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka da kansa, ina jira. Har Sista ta zo ta dafa kafaɗata ta ce lokaci ya yi, bai buɗe ido ba.